Gani ya kori ji? Yadda ake leƙen furotin ɗin kunne da haske

Hoton da ya fi yawa a takardun masu binciken kunne kusan iri ɗaya ne. Baƙin fili, sai ɗige-ɗige koraye a jere kamar an yayyafa su, sai wasu jajaye a gefensu, inda kore ya hau kan ja kuma wurin ya koma rawaya. Koren nan furotin ne, wato ɗaya daga ƙananan sinadaran da ke gudanar da aikin jiki, da aka liƙa wa alama mai ƙyalli, jan kuma wani furotin ne daban. Rawayar ita ake so mai kallo ya gani, ya gyaɗa kai, ya ce lallai waɗannan biyun a haɗe suke. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma a wannan fagen gani ya sha yaudarar manyan masana. Rawaya ba ta ce komai ba illa cewa abu biyu suna unguwa ɗaya. Ko sun taɓa gaisawa, wannan wata magana ce.

Kafin a gane dalilin da ya sa ake wannan wahala, sai an san abin da ke faruwa a can cikin kunne. Sauti yana kaɗa dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar zuwa wani bututu mai ruwa da ya naɗe kamar katantanwa. A cikin katantanwar akwai wasu ƙwayoyin halitta masu tukku a ka, kimanin 3,500 a layin ciki da kimanin 12,000 a layuka uku na waje. Tukkun ba gashi ba ne na gaske. Tsinkaye ne masu tauri da aka jera gajere, matsakaici, dogo, kamar matakalar bene. A 1984 James Pickles da abokan aikinsa a Birmingham ta Ingila suka hango wani siririn zare da ya tashi daga tsinin gajeren tsinke ya maƙale a jikin dogon da ke bayansa. Idan girgiza ta karkata tukkun, zaren ya miƙe, ya fizgo wata 'yar ƙofa, sinadarin fotasiyam da ɗan kalsiyam su kwarara ciki, lantarkin ƙwayar ya canza, jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Shi ke nan, an ji.

Abin da ya sa wannan tsari ya bambanta da na ido ko na hanci shi ne sauri. David Corey da James Hudspeth sun auna a 1979, a kunnen kwaɗo, cewa tsakanin motsin tukku da buɗewar ƙofa bai wuce kashi 40 cikin miliyan na daƙiƙa ba. Babu lokacin aika ɗan saƙo na sinadari. Dole dai wani abu ne ke riƙe da wani, shi ma yana riƙe da wani, har zuwa bakin ƙofar. Wato ji sarƙa ce ta furotin, kuma duk wanda yake son fahimtar ji, ko kurumta, tambayarsa ɗaya ce: wa ke riƙe da wa, a ina, da wane ƙarfi, na tsawon wane lokaci?

Hanyar da masana sinadaran jiki suka saba bi ita ce su niƙe nama, su tsamo furotin ɗaya, su duba wa ya biyo shi. A ido wannan ya yi aiki tun da wuri, domin tantanin ido yana da ƙwayoyin karɓar haske fiye da miliyan 100, kuma kowace a cike take da sinadarin da ake nema. Kunne kuwa ƙwayoyi dubu goma sha ne kawai, a ɓoye cikin ɗaya daga ƙasusuwan da suka fi tauri a jikin mutum, kuma kowane tsinke ƙofa kaɗan gare shi. Ka niƙe kunnen ɓeraye ɗari, abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa aka shafe kusan shekara arba'in ana neman sunan furotin ɗin ƙofar.

Gado ne ya fara ba da sunaye. Iyalan da kurumta ke bin jininsu, da ɓerayen da aka haifa kurame, sun tona asirin ƙwayoyin gado fiye da ɗari. Daga nan aka san kadherin 23 da furotokadherin 15, waɗanda lalacewarsu ke kawo cutar Usher, wadda ke haɗa kurumta da makanta a hankali. Daga nan aka san TMC1 a 2002, wanda daga baya aka gane shi ne jigon ƙofar. Daga wani ƙauye mai suna Bengkala a tsibirin Bali, inda kurame suke da yawa har suna da yaren hannu nasu, aka bi sawu zuwa wani furotin mai suna mayosin 15. Amma jerin sunaye tamkar jerin ma'aikatan kamfani ne ba tare da an faɗi wa ke ƙarƙashin wa ba. A nan haske ya shigo.

Maikuroskof na elektron ya fi na haske gani nesa ba kusa ba, shi ne ma ya nuna zaren tsinin. Sai dai ba ya ganin mai rai. Kafin a sa abu a ciki sai an kashe shi, an busar ko an daskarar. Haske kuwa yana iya kallon ƙwaya tana raye tana aiki. Abin da ya buɗe wannan hanya shi ne wani furotin mai koren ƙyalli da Osamu Shimomura ya tsamo daga wata halittar teku a farkon shekarun 1960, wanda ake kira GFP. A 1994 Martin Chalfie ya nuna ana iya sa ƙwayar wata halitta daban ta ƙera shi da kanta, Roger Tsien kuma ya fitar da launuka iri-iri. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2008. Daga nan duk furotin ɗin da kake so, kana iya rataya masa fitila.

Ɗaya daga cikin kyawawan ayyukan farko shi ne na Inna Belyantseva da abokanta a 2005. Akwai ɓeraye iri biyu kurame da tsinkayensu suka ƙi tsawo, ɗaya ba shi da lafiyayyen mayosin 15, ɗaya ba shi da wani furotin mai suna wirlin. Aka harba ƙwayar gadon mayosin 15 mai fitila cikin ƙwayoyin ɓeran farko, a jikin ƙananan ƙwayoyin zinare. Sai ga fitila ta haura har ƙolin tsinke, tsinken ya fara tsawo, wirlin da da ba ya zuwa ƙoli ya bayyana a can. A ɓera na biyu kuwa mayosin yana isa ƙoli shi kaɗai, ba kaya. Kowa ya ga ɗan dako, ya ga kaya. Wannan ya fi rawaya ƙarfi a matsayin hujja, domin an cire ɗaya an ga abin da ya sami ɗayan.

Aikin da ni nake ganin ya fi kowanne nuna amfanin haske shi ne na 2009, kuma abin sha'awa ba furotin aka haska ba. An daɗe ana gardama: ƙofar tana saman zaren ne, ko ƙasansa, ko duka biyun? Maryline Beurg, Robert Fettiplace da Anthony Ricci suka cika ƙwayar kunnen ɓera da rinin da ke ƙyalli idan ya haɗu da kalsiyam, suka tura tukkun, suna ɗaukar ɗaruruwan hotuna a daƙiƙa. Layin tsinkaye na biyu da na uku, wato matsakaici da gajere, suka kama haske nan take. Layi mafi tsawo ya zauna dishi-dishi, sai daga baya ɗan haske ya iso shi. Tunda dogon layi saman zare kawai yake riƙe da shi, ashe ƙofar tana ƙasa. Shekara biyu kafin nan an riga an nuna cewa kadherin 23 ne rabin zaren na sama, furotokadherin 15 na ƙasa. To ka ga an rage waɗanda ake zargi ke nan: duk mai neman ƙofa ya nemi maƙwabcin furotokadherin 15. Zanen da aka daɗe ana koyarwa, mai ɗora ƙofa a sama kusa da injin da ke ɗaure zaren, dole aka sake shi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tun 1873 Ernst Abbe a Jamus ya lissafa cewa maikuroskof na haske ba zai iya raba ɗigo biyu da suka fi kimanin nanomita 200 kusa da juna ba. Nanomita kuwa shi ne ka raba milimita ɗaya gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Zaren tsinin gaba ɗayansa bai kai 200 ba. Furotin matsakaici bai wuce nanomita biyar zuwa goma ba. Saboda haka a cikin ɗigon rawaya ɗaya ana iya jera furotin ashirin a tsakanin ja da kore, hoton bai canza ba. Dabarun da suka karya wannan iyaka, waɗanda suka ba Eric Betzig, Stefan Hell da William Moerner kyautar Nobel ta 2014, sun sauko da ita zuwa nanomita gomomi. An ci riba sosai, musamman a Göttingen inda ɗakin binciken Tobias Moser ya zana yadda ƙofofin kalsiyam suke jeruwa a gindin ƙwaya, wurin da take miƙa saƙo ga jijiya. Duk da haka nanomita talatin maƙwabtaka ce, ba riƙo ba.

Don a matso kusa sai aka koma ga wata dabi'ar haske da Theodor Förster ya bayyana a shekarun 1940. Idan fitila biyu suka kusanci juna ƙwarai, ƙasa da nanomita goma, wadda aka kunna ba ta fitar da haskenta duka, sai ta zuba ƙarfinta cikin ta biyu, ta biyun ta haska. Ka kunna shuɗiya, rawaya ta amsa. Kuma abin yana raguwa da tsananin sauri: ninka tazarar sau biyu, saurin miƙa ƙarfin ya faɗi sau 64. Wannan ita ce dabarar FRET, ma'auni ne da ba ya aiki sai a daidai girman furotin. Masu taka-tsantsan ba sa dogara da ƙarfin launi kawai, sukan auna tsawon lokacin da fitilar farko ke ɗauka kafin ta huce, 'yan kaso cikin biliyan na daƙiƙa, domin idan tana da mai karɓa a kusa takan huce da wuri. Da FRET, tare da wasu gwaje-gwaje, ɗakin binciken Zubair Ahmed a Jami'ar Maryland ya nuna a 2017 cewa CIB2, furotin ɗin da aka gano ta hanyar iyalai kurame a Pakistan, yana manne da TMC1 da ɗan'uwansa TMC2.

Ita ma FRET tana da nata ramukan. Fitilar kanta ganga ce mai tsawon kusan nanomita huɗu, wani lokaci ta fi wanda aka rataya wa girma, tana iya tare masa hanya ko ta hana shi naɗuwa daidai. Idan fitilun biyu suka ba juna baya, ƙarfin ba ya wucewa ko da furotin ɗin suna rungume da juna. Idan kuma aka cika fatar ƙwaya da furotin fiye da kima, cunkoso kaɗai zai sa su gogi juna, awo ya nuna riƙon da babu shi. Ga kuma babbar matsala: yawancin waɗannan gwaje-gwaje ba a ƙwayar kunne ake yin su ba, a wasu ƙwayoyi ne da ake renonsu a faranti, waɗanda asalinsu daga ƙoda ne. TMC1 kuwa idan aka sa shi a baƙuwar ƙwaya, galibi ba ya fita zuwa fata inda aikinsa yake, sai ya maƙale a ciki. Kana auna hulɗar mutum ne a gidan da ba nasa ba.

Wata dabara da ta burge ni saboda wayonta ita ce wadda Jonathan Bird ya fitar a 2017 a ɗakin binciken Thomas Friedman da ke Bethesda a Amurka. Akwai wani furotin mai aiki kamar inji, mayosin 10, wanda dabi'arsa ita ce tafiya zuwa ƙarshen wasu siraran yatsu da ƙwaya ke miƙawa. Sai a ɗaura masa furotin na farko a baya, a sa wa na biyu jar fitila a sake shi cikin ƙwayar. Idan babu komai a tsakaninsu, ja zai bazu ko'ina. Idan akwai riƙo, injin zai ja su biyun, ƙarshen kowane yatsa ya yi jajir kamar kan ashana. A nan ba a tambayar ko suna kusa. Ana jan ɗaya ne a ga ko ɗayan zai biyo.

Sai ƙirga. Fitilar GFP idan aka daɗe ana haska ta takan mutu, kuma ba a hankali take dusashewa ba, ɗif take yi lokaci ɗaya. Mai bincike yana zaune a ɗaki mai duhu, ya zaɓi ɗigo ɗaya, ya sakar masa leza, yana kallon layin da ke nuna ƙarfin haske a kwamfuta. Layin ya tafi a miƙe, ya faɗo taki ɗaya, ya sake miƙewa, ya sake faɗowa, har ya kai ƙasa. Yawan matakan shi ne yawan fitilun. Da haka aka nuna a 2018 cewa adadin TMC1 a tsinin tsinke yana ƙaruwa daga ɓangaren katantanwa mai jin kauri zuwa ɓangaren mai jin siririn sauti. Sai dai wasu fitilun tun asali ba sa kamawa, wasu biyu kan mutu tare, don haka ba ƙirgar yatsa ba ce, sai an haɗa da lissafi.

Labarin firestin ya isa gargaɗi. Shi ne furotin ɗin da ke sa ƙwayoyin layin waje su tsuke su miƙe daidai da sauti, su ƙara masa ƙarfi, kuma ɗakin binciken Peter Dallos ne ya gano shi a 2000. FRET ta nuna yana haɗuwa da 'yan'uwansa. Ƙirgar matakai a 2012 ta ce huɗu-huɗu suke zama. A 2021 aka daskarar da shi aka duba da elektron a ɗakunan bincike daban-daban, sai ga shi biyu-biyu. Haske bai yi ƙarya ba game da cewa suna tare. Inda ya gaza shi ne bambance waɗanda suke ɗaure da waɗanda suka matsu wuri ɗaya.

Na aktin ya fi wannan zafi, domin ya shiga littattafai. Aktin shi ne ƙashin bayan tsinke. A 2002 aka sa masa koriyar fitila a ƙwayoyin jariran ɓeraye, aka ga kore ya fara daga ƙoli yana gangarowa, aka yanke cewa tsinke yana sabunta kansa gaba ɗaya cikin kamar awa 48. Magana ce mai daɗi, ta ba da amsar yadda abin da ba a canza shi har mutuwa yake jure shekara tamanin. Shekara goma bayan haka wasu suka ciyar da dabbobi abinci mai wani nau'in naitirojin mai nauyi, suka bi sawunsa, suka tarar jikin tsinke kusan bai motsa ba, ƙoli kawai ke sauyawa. A 2015 ɗakunan bincike biyu suka sake dubawa da haske, ɗaya daga cikinsu wannan karon yana bin tsinke ɗaya na tsawon lokaci maimakon haɗa hotunan ƙwayoyi daban-daban, suka tabbatar da haka. Kuskuren farko ba na fitila ba ne, na fassara ne: ƙwayoyin da ba su gama girma ba, furotin da aka cusa fiye da kima, da hotuna tsayayyu da aka karanta kamar fim.

Ba na kawo waɗannan don in rage wa haske daraja ba. Ra'ayina shi ne sakamakon haske shaida ɗaya ce, kuma ba a yanke hukunci da shaida ɗaya. Idan ta dace da wata da ta zo ta hanya daban, a nan ne ake samun abin dogaro. A 2022 ɗakin binciken Eric Gouaux a Oregon ya tara miliyoyin ƙananan tsutsotsi, ya tsamo irin nasu TMC, ya fitar da siffarsa. A jikinsa aka tarar da ɗan'uwan CIB2 a manne ta ciki, da wani furotin mai suna TMIE a gefe, kowanne biyu-biyu. Abin da FRET ta hango shekara biyar kafin nan ya fito ƙuru-ƙuru.

Akwai kuma tambayar da siffa ba za ta taɓa amsawa ba, ita ce ta lokaci. A 2012 Marcos Sotomayor, tare da Corey da Rachelle Gaudet a Harvard, suka nuna yadda kan kadherin 23 da na furotokadherin 15 suke haɗuwa, kamar mutum biyu da suka zarce tafin hannu suka kama tsintsiyar hannun juna. Hoton ya sa mutum ya ɗauka ɗaurin dindindin ne. Sai aka zo da matsefatar haske, dabarar Arthur Ashkin wadda ta ba shi Nobel a 2018, inda leza ke riƙe ɗan ƙanƙanin dutsen ado a cikin ruwa. A liƙa furotin ɗaya a jikin dutsen, ɗayan a wani wurin, a bari su kama juna, a ja, a ƙirga lokacin da za su saki. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna riƙon na daƙiƙoƙi ne. Abin da ke cetonsa shi ne zaren tufka biyu ne: hannu ɗaya ya kuɓuce, ɗayan yana riƙe har na farkon ya sake kamawa. Tun 1991 an san cewa cire kalsiyam daga ruwan yana tsinka zaren, tun 1996 kuma an san yana sake haɗuwa cikin kamar yini guda. Yanzu sai ya bayyana cewa saki da kamu ba haɗari ba ne da ke faruwa jefi-jefi, haka zaren yake rayuwa. Akwai masu ganin wannan kariya ce, gara zare ya saki idan ƙara ta yi yawa da a tumɓuke ƙofar.

Mai karatu zai iya cewa, to me wannan ya ƙara wa kurma? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji da ke buƙatar kulawa, kuma ƙwayoyin tukku na mutum idan suka mutu ba sa dawowa. A 2024 likitoci a Shanghai suka ba da rahoton yara shida da aka haifa kurame saboda lalacewar otofalin, furotin ɗin da ke taimaka wa ƙwaya miƙa saƙo ga jijiya. Aka sa musu lafiyayyar ƙwayar gadon ta cikin wata ƙwayar bairos marar cutarwa, biyar suka fara ji. Bairos ɗin da ake aikawa da shi ƙaramin buhu ne, ba ya ɗaukar dogon saƙo. Na otofalin sai da aka raba shi biyu. Na furotokadherin 15 shi ma ya fi ƙarfin buhu ɗaya. Furotin ɗin kamar carbi yake mai ƙwaya 11 a waje, kuma tunda an san na can ƙarshe ne ke riƙe kadherin 23, na gindi kuma ke haɗa tufka biyun kusa da ƙofa, sai ɗakin binciken Corey ya cire wasu daga tsakiya. A 2023 suka nuna gajeren ya dawo wa ɓeraye da ji. Wanda bai san inda riƙo yake ba, ba zai san inda zai sa almakashi ba.

Katantanwar mutum mai rai har yanzu tana bayan ƙashi, inda babu maikuroskof da ke kai wa ga furotin ɗaya, saboda haka aikin yana kan ɓera, da kifin zebra wanda irin waɗannan ƙwayoyi suke a fatar jikinsa a fili, da guntun nama a faranti. A irin wannan gwaji, ɗaya daga cikin abubuwan da ake fara dubawa mai sauƙi ne. Akwai wani rini, FM1-43, da ke kutsawa ta ƙofar tsinke idan tana aiki. A tsoma naman a ciki na 'yan daƙiƙoƙi, a wanke, a kashe fitilar ɗaki. Ƙwayar da sarƙarta ta tsinke za ta zauna baƙa ƙirin. Wadda zarenta ya kama, ƙofarta ta buɗe, za ta cika da haske tun daga tukku har gindi.